Sanda, Manaɗi da Zare: Yadda Ake Haɗa Kayan Jefa Ƙaramin Koton Bogi

Dunƙulen Maggi guda giram 4 ne. Ka ɗaura masa zare a zuci, ka ce za ka cilla shi mita 30 cikin ruwa, iska na kaɗawa, kuma ya sauka daidai gindin ciyawar da kake hari. Aikin da ake nema ke nan daga kayan jefa ƙaramin koton bogi, domin irin wannan koto, ko ɗan cokalin ƙarfe ne, ko mai farfela, ko ɗan kifin katako, ko kan dalma mai wutsiyar roba, nauyinsa bai cika wuce giram 1 zuwa 10 ba. Mai fatsa da tana ko gara yana da mafita: idan jifa ta ƙi nisa, sai ya ƙara dalma. Mai koton bogi ba shi da wannan dama, don da ya rataya wa koton dalma ya kashe masa rawa a ruwa, rawar kuwa ita ke yaudarar kifi. Shi ya sa nauyin koto ne ke zaɓar sanda, shi ke zaɓar zare, sannan manaɗi ya biyo baya.

Fara sanin nauyin abin da za ka jefa

Ka baje kotunanka, ka duba kwalinsu. Mai farfela na Mepps Aglia, lamba 0 giram 2.5 ne, lamba 1 giram 3.5, lamba 2 giram 4.5, lamba 3 giram 6.5. Ɗan kifin Rapala mai taso kan ruwa, irin wanda Lauri Rapala ya fara sassaƙawa a ƙasar Finlan a 1936, mai tsawon santimita 5 giram 3 ne, mai 7 kuma giram 4. Kayan da suka fito daga Amurka da oza ake rubuta su. Oza ɗaya giram 28 ce da ɗan ɗori, don haka 1/16 kusan giram 2 ne, 1/8 giram 3.5, 1/4 giram 7, 3/8 kusan giram 10.5. Wanda kwalinsa ya ɓata, ma'aunin masu gwal zai raba gardama.

Nauyi kaɗai bai gama magana ba. Cokalin ƙarfe mai giram 4 zai tsaga iska ya tafi, ɗan kifin katako mai giram 4 kuwa jikinsa babba ne, iska na tare shi, yana juyi a sama, ya faɗo a rabin hanya. Idan irin na katakon ne suka fi yawa a akwatinka, ka karkata ga sanda mai laushi da zare mafi siriri.

Sanda

Sama da mariƙi kaɗan akwai rubutu, misali 1.98m, 2-10g, 4-8lb. Na farko tsawo ne, na biyu nauyin koton da aka ƙera sandar dominsa, na uku ƙarfin zaren da ya dace da ita a ma'aunin fam. Sanda ta fi jin daɗin jifa a tsakiyar lissafin nan. Mai 2-10g za ta yi maka aiki mai kyau da giram 4 zuwa 7, amma a giram 2 da ƙyar za ka ji akwai wani abu a bakin zare.

Dalilin kuwa shi ne sandar ce ke jifa, hannu taya ta kawai yake yi. Idan ka kai ta baya ka dawo da ita gaba, nauyin koton yana lanƙwasa ta, sai ta miƙe kamar baka ta harba shi. Sandar da aka yi domin giram 20 zuwa 60 ba za ta ko motsa ba don giram 3; za ka yi ta ɗaga kafaɗa, koton na faɗuwa a gabanka. Idan kuma ka ɗora giram 20 a kan mai 1-5g ka fizga, ko ta yi lagwas ta kasa miƙewa a kan lokaci, ko tsininta ya ɓalle.

Harufan da ke nuna ƙarfi uku ne suka shafe mu. UL ita ce mafi laushi, galibi giram 1 zuwa 5 ko 7. L tana ɗaukar kamar giram 2 zuwa 10. ML kuma giram 4 zuwa 14 ko sama kaɗan. Kamfanoni ba su haɗu a kan ma'auni ɗaya ba, L ɗin wani ita ce ML ɗin wani, don haka ka yarda da lambar giram fiye da harafi. Mai son sanda ɗaya tak, ya ɗauki L. UL tana da daɗi a hannu, amma ranar da kifi mai kilo biyu ya nufi cikin saiwa ba ka da abin da za ka juyo shi da shi.

Ƙarfi daban, wurin lanƙwasa daban, kuma mutane na yawan haɗa su. Wadda aka rubuta wa Fast, kashi ɗaya cikin uku na sama ne kawai ke lanƙwasa. Moderate tana lanƙwasa har rabi, Slow kuwa har kusa da hannu. Mai lanƙwasa a kai ta fi kai saƙo hannu, ta fi soka ƙugiya da sauri, ita ce ta kan dalma mai wutsiyar roba da ake buga wa ƙasa. Mai lanƙwasa har rabi ta fi iya ɗaukar koto marar nauyi ta cilla, ta kuma fi riƙe kifi a ƙananan ƙugiyoyi masu baki uku, waɗanda ke saurin yage leɓe idan kifi ya girgiza kai. Ga mai farfela da ɗan kifin katako, abin da ke tsakanin biyun, wanda ake rubuta wa Moderate Fast, shi ne daidai.

Tsawo ya danganta da inda kake tsayawa. A rafi mai itatuwa a kai, mita 1.7 zuwa 1.8 ta isa. A bakin dam mai fili kamar Tiga ko Kainji, inda nisa ke da rana, mita 2.1 zuwa 2.3 ta fi. Mita 2 tana yin duka biyun ba laifi.

Sandar kabon ba ta da nauyi, kuma kome ya taɓa koton sai ka ji, amma ba ta son duka: ƙaramin rauni daga murfin but ko dutse, nan za ta karye wata rana. Ta faiba tana jure wahala, sai dai nauyi da kasala. Kabon na ɗaukar lantarki, saboda haka a kula da wayar wuta a sama, a kuma kwantar da sanda da zarar hadari ya fara walƙiya. Sanda mai gaɓa biyu ta fi mai zuƙewa irin ta eriyar rediyo, domin ita mai zuƙewar zobbanta ba sa zama inda ya kamata, gaɓoɓinta kuma suna cika da yashi.

Kafin ka biya, ka harhaɗa ta ka hango ta daga gindi: zobba su jeru a layi ɗaya. Ka zura auduga cikin kowane zobe ka juya. Idan audugar ta kama, tangaran ɗin ciki ya tsage, kuma zai riƙa cin zarenka a ɓoye. Sannan ka kaɗa ta sau ɗaya ka tsaya cak. Sanda mai kyau tana dawowa ta nutsu nan take. Wadda ta ci gaba da karkarwa za ta riƙa marin zare a lokacin jifa, ta rage maka nisa.

Manaɗi

Manaɗi, wanda masu shago ke kira ril, iri biyu ne a wannan fage. Akwai mai rataya a ƙarƙashin sanda, kwarkwaronsa a tsaye yake, zare ne ke warwarowa ta bakinsa. Akwai mai zama a saman sanda, wanda kwarkwaron kansa ke juyawa idan an yi jifa. Ga ƙaramin koto, na ƙasan za ka saya. A na saman, koton ne zai ja kwarkwaro ya tayar da shi daga tsaye, giram 3 kuwa ba shi da wannan ƙarfi. Idan ma ya tayar da shi, koton na rage gudu a iska kwarkwaro bai rage ba, sai zare ya cukurkuɗe kamar sheƙar tsuntsu. Japanawa sun ƙera wasu masu kwarkwaro marar nauyi musamman domin ƙananan kotuna, amma suna da tsada, kuma suna son hannun da ya saba. Ƙasa da giram 7, kada ka wahalar da kanka.

Girma lamba 1000, 2000 ko 2500. Lamba 1000 ta dace da sandar UL, 2000 da 2500 su tafi da L da ML. Akwai 'yan ƙanana masu lamba 500, masu kyan gani, amma kwarkwaronsu ya yi ƙanƙanta, zare na naɗuwa a matse, ya fito a murɗe kamar sifirin. Faɗin kwarkwaro alheri ne ga jifa. Abin da ba ka buƙata shi ne zurfinsa: kwarkwaron 2500 na yau da kullum yana cin kusan mita 150 na zare mai kaurin milimita 0.25, kai kuwa siririn zare za ka sa. Kamfanonin Shimano da Daiwa suna da masu kwarkwaro marar zurfi, waɗanda ake ƙara wa harafin S a bayan lamba, kamar 2500S. Idan ba ka samu ba, sai ka cike ƙasan da tsohon zare.

Lambar giya, misali 5.2:1, tana nufin juyin hannu ɗaya yana naɗa zare sau biyar da ɗan ɗori. A manaɗi 2500 wannan kusan santimita 75 ne; 6.2:1 kuma kusan 90. Mai farfela da ɗan kifin katako sun fi son tafiya a hankali, giya biyar ta ishe su. Mai saurin yana da amfani idan kana jifa sama da ruwa mai gudu, koton na gangarowa wajenka, kana tseren kwashe zare.

Kada yawan boris ya ruɗe ka. Manaɗi mai boris 4 na kamfanin kirki ya fi mai 13 marar suna. Abu biyu za ka gwada da hannunka. Na farko birki, wato abin da ke sakin zare a hankali idan kifi ya ja da ƙarfi, wanda ake ɗaurewa da marfin da ke saman kwarkwaro: ka ɗan ɗaure shi, ka juya kwarkwaron da yatsa. Ya tafi sumul tun daga farko. Birkin da ke cijewa sannan ya saki, shi ke tsinka siririn zare a fizgar farko ta kifi. Na biyu 'yar tayar da zare ke bi a jikin bakan ƙarfe, wato lanƙwasasshiyar wayar da ake buɗewa kafin jifa: ka goga mata tsinken ashana, ta juya. Idan ta daskare, zare zai murɗe ya kuma goge. Daga nan ka ɗaura manaɗin a sanda, ka ɗora ta a yatsa; ta daidaita a daidai gaban manaɗi ko kusa da nan. Wadda kai ya rinjaya za ta gajiyar da wuyan hannu, domin mai koton bogi jifa yake yi ɗaruruwa a yini.

Zare

Nan ne aka fi yin ɓarna. Mutum ya sayi sanda mai kyau da manaɗi mai kyau, sai tsoron kada babban kifi ya tsinke masa ya sa ya cika kwarkwaro da lailon mai kauri 0.35 ko 0.40. Giram 3 ba zai iya jan wannan ba. Zaren na gogar bakin kwarkwaro, yana dukan zobba, iska na kama shi, a ruwa kuma yana hana koton nitsewa da rawa. Ka sauya shi da 0.18 kawai, ba tare da taɓa kome ba, za ka ga nisa ya ƙaru a jifar farko.

Lailon shi ne na mai farawa. Yana da araha, yana karɓar ƙulli, yana kuma miƙewa sosai, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsawonsa kafin ya tsinke, wanda ke shanye fizgar kifi. Kauri 0.16 zuwa 0.18 ga UL, 0.18 zuwa 0.22 ga L. Mai 0.18 yana ɗaukar kilo 2 zuwa 3. Aibinsa biyu: yana riƙe siffar kwarkwaro, kuma rana na cinye shi. Wanda ya daɗe a rataye a rumfar kasuwa ya riga ya mutu tun kafin a saya. Ka ƙulla shi ka ja, idan ya tsinke ba gardama ka bar shi. A ƙasa mai zafin rana, sauya lailon sau biyu a shekara ba almubazzaranci ba ne.

Zaren kitso, wanda aka saƙa da silili 4 ko 8, ya fi lailon ƙarfi nesa ba kusa ba a kauri ɗaya, ba ya riƙe murɗi, kuma kusan ba ya miƙewa, har taɓawar ciyawa za ka ji a tafin hannu. Ana auna shi da lambar PE ta Japan: PE 0.6 kusan milimita 0.13 ne, PE 0.8 kusan 0.15, PE 1 kuma 0.165. Ga ƙananan kotuna, 0.4 zuwa 0.8 ne fagen. Mai silili 8 ya fi santsi da nisa, mai 4 ya fi jure gogayya. Amma duk ƙarfinsa, idan yana a miƙe ya gogi kaifin dutse, yankewa yake yi kamar an sa reza. Kifi na ganinsa a ruwa mai haske. Kuma tun da ba ya miƙewa, dole birki ya zama a sassauce, in ba haka ba ƙugiya ta buɗe ko leɓe ya yage.

Fulorokabon ya fi lailon nauyi, yana nitsewa, yana jure gogar dutse, kuma ba ya fitowa fili sosai a ruwa. Sai dai yana da tauri. Idan ka cika ƙaramin kwarkwaro da shi zai riƙa zubowa da kansa. Wurinsa shi ne gaba: guntu mai santimita 60 zuwa mita ɗaya, kauri 0.20 zuwa 0.25, tsakanin zaren kitso da koto. A ruwan damina da ya yi jawur, lailon ma ya wadatar a wannan gurbi.

Tsage kuma nasa hukuncin daban. Haƙoransa na datse lailon da fulorokabon siriri a cafka ɗaya, don haka duk inda yake, a kogin Kwara ne ko Binuwai, sai an sa siririyar waya mai laushi, santimita 10 zuwa 15, a gaban koto. Wayar na ɗan rage rawar ƙaramin koto, karfasa da kawara kuma kan yi shakkarta, saboda haka ba a sa ta sai inda ake bukata. Bakin tsage ƙashi ne. Ƙugiya ɗaya mai kaifi ta fi shiga fiye da mai baki uku. Giwan ruwa kuwa, wanda zai iya wuce kilo 100, ba da waɗannan kaya ake nemansa ba. Ƙanana dai sukan faɗa, su ba da daɗi.

Wajen cika kwarkwaro, idan zaren kitso ne, fara naɗa lailon mita 10 zuwa 20 a ƙasa ka ƙulla su. Kitso ba ya kama ƙarfe. Ba tare da wannan shimfiɗa ba, dukan ƙunshin zai riƙa juyawa a kan kwarkwaro, ka zaci birki ne ya lalace. Ka zura zaren ta zobe na farko, ka matse shi da jiƙaƙƙen tsumma, ka naɗa da tauri. Idan lailon ne, ka kwantar da abin da ya zo a kai a ƙasa, ka yi juyi 15, ka sassauta. In ya murɗe kansa, ka kifa abin ta ɗaya fuskar. Ka tsaya saura milimita 1.5 zuwa 2 ya kai baki. Ya gaza haka, zare na gogar baki, jifa ta gajarta. Ya wuce haka, zai zubo da yawa lokaci guda ya ƙulle a zobe.

Ƙulli biyu sun isa. Na ɗaura koto, wanda ake kira Palomar: ninka zare santimita 15, zura ninkin ta idon koto, yi ƙulli na yau da kullum da shi ba tare da ja ba, zura koton gaba ɗaya ta cikin madaukin, jiƙa da yawu, ja a hankali. Na haɗa kitso da zaren gaba: jera bakunan biyu suna kallon juna, kowanne ya yi madauki ya naɗe zaren biyu ta ciki, kitso sau 8, ɗayan sau 5, sannan ka ja su su haɗu. Jiƙawar dole ce, don zafin gogayya na raunana zare a daidai ƙullin.

Birki ana ɗaure shi a kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ƙarfin zare mafi rauni a jerin. Zare mai kilo 3, birki giram 750 zuwa kilo ɗaya. Ledar fiya wata rabin kilo ce: ka sa biyu a leda, ka ɗaura a zaren kai tsaye daga manaɗi ba ta cikin sanda ba, ka sassauta marfi har ledar ta fara sauka a hankali.

Haɗi uku da ke aiki

Ga karfasa da kawara a rafi ko gefen dam: sandar UL mita 1.8, 1-5g, manaɗi 1000, lailon 0.16 zuwa 0.18. Ga mai son kaya ɗaya na ko'ina: sandar L mita 2 zuwa 2.1, 2-10g, manaɗi 2000 ko 2500, PE 0.6 da zaren gaba 0.22. Ga ruwan da ke da tsage ko tufi a cikin ciyawa: ML mita 2.1 zuwa 2.3, manaɗi 2500, PE 0.8 zuwa 1, zaren gaba 0.28, da waya idan tsage ne. Idan kuɗi bai kai ba, a rage a sanda, kada a rage a zare.

Abin da ke lalacewa a bakin ruwa

Ƙullin da ke fitowa a tsakiyar zaren kitso yayin jifa, kusan kullum daga sako-sakon naɗi yake. Ƙaramin koto ba ya jan zare da tauri, sai wani madauki ya kwanta a kan kwarkwaro, jifa ta gaba ta kwaso shi. Maganinsa: kafin koto ya taɓa ruwa ka ɗora ɗan ali a bakin kwarkwaro, ka rufe bakan ƙarfe da hannu maimakon juya hannun manaɗi, ka ɗan ja zaren ya miƙe, sannan ka fara naɗi. Bayan kowace jifa 20 ko 30, ka yi doguwa ɗaya ka naɗo ta tsakanin yatsu.

Murɗewar zare tana zuwa ta hanya biyu. Mai farfela da cokali suna juya shi, don haka a sa ƙaramin majuyi, wato ɗan ƙarfen da ke juyawa tsakanin zare da koto, a gabansu. Ta biyu ita ce juya hannun manaɗi alhali kifi na jan birki: kowane juyi murɗi biyar ne ba tare da ka karɓo ko taƙi ɗaya ba. Idan birki na kuka, ka tsaya. Zaren da ya riga ya murɗe, ka cire koton, ka sake wa ruwa mai gudu mita 40 zuwa 50, ka bar shi minti biyu, ka naɗo.

Idan kayan sun dace amma jifa ta ƙi nisa, duba tsawon abin da ka bari yana reto daga tsinin sanda. Santimita 30 zuwa 50 ne daidai. Koto ya tashi sama ya faɗo kusa, ka saki yatsa da wuri. Ya daki ruwa a gabanka, ka makara. Idan ya maƙale a ƙasa, kada ka ɗaga sanda kana fizga. Ka miƙa ta saitin zaren, ka naɗa zaren a guntun itace, ka ja da baya kana kau da fuska. Zaren kitso na yanka yatsa har ƙashi. Haka wajen fito da kifi: sandar kabon da aka miƙe tsaye, kifi na ƙarƙashin ƙafa, a gaɓar sama take karyewa.

Lokacin hunturu ƙura na shiga 'yar tayar zare da ƙarƙashin kwarkwaro, ta haɗu da giris ta zama kamar yashin goge ƙarfe. Bayan kowace fita ka share manaɗi da ɗanyen tsumma, ka ɗiga man keken ɗinki digo ɗaya a 'yar tayar, wani digon kuma a sandar ƙarfen da kwarkwaro ke hawa, ka kwance birki gaba ɗaya don kada faifan cikinsa su danne su taurare, ka sa shi a jaka. Mita ɗaya ta ƙarshen zare kuma ka bi ta da yatsa. Duk inda ka ji kaushi, yanke daga nan ka sake ƙulli.